Kwantar-da-Mutum

Mijinyawa tela mutum ne mai kekuna biyu, kuma duk biyun ƙafa suke ci. Ɗaya na ɗinki ne, yana shagonsa a Gudel, wata unguwar Yamai kusa da gulbi. Ɗayan na hawa ne, shi ke ɗauko shi daga gidansa na unguwar Banifandu kowace safiya ya mayar da shi da yamma. Da za a haɗa duk fedar da ƙafafun nan suka taka a miƙe ta hanya ɗaya, da tuni ya je Makka ya dawo ya sake komawa Umra, amma ga shi ko Tilaberi bai taɓa gani ba. Dogo ne siriri, ba nama ko'ina sai a ƙwauri, inda ya yi dam-dam har matarsa Ramatu ke cewa na wani ne ya aro.

Bagobiri ne na Madawa, kuma ba sai ya faɗa ba, tsagar na nan shimfiɗe daga gefen baki har kunne. Ya shigo Yamai yana saurayi, da almakashi ɗaya a jaka da sunan wani kawunsa a baki. Kawun kuwa ashe tuni ya wuce Kwatano. Ya yi ta bulayi a gari har ƙafa ta kai shi Gudel, ya zauna a bakin wani lambu yana yi wa kabeji kallon yunwa. Mai lambun, wani Bazabarme da ake kira Idrisa, ya ajiye bokitin ban-ruwa, ya tako ya tsaya a kansa, ya ƙare wa tsagar kallo, sannan ya ce:

"Ke, wace mage ta yage ki haka?"

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san Bagobiri da Bazabarme taubasai ne. Zagi a tsakaninsu gaisuwa ce, wanda ya yi fushi kuma shi ya faɗi. Mijinyawa, da tun jiya bai sa komai a baki ba, ya ji kamar an miƙo masa ruwan randa. Ya ɗaga kai ya ce magen da ta yage shi ta fi duk sarakunan Zabarmawa asali. A ranar ya ci dambu a kwanon Idrisa, ya kwana a zaurensa. Idrisa ne ya nema masa rumfar da ta zama shago can cikin unguwa. Da aka je neman auren Ramatu ma shi ya sa babbar riga ya zauna a mazaunin uba, ya kuma gaya wa dangin amarya cewa shi dai ya fita haƙƙinsu, yarinyar nan da za su ba ɗiyarsu ba ta da cikakken hankali.

Wannan "ke" ɗin yana da tarihi. Zabarmanci ba ya raba mace da namiji a magana, don haka Bazabarme kan ce wa mai gemu "ke" a kasuwa ba da wata niyya ba. Idrisa ya riƙe wannan uzuri gam. Fiye da shekara ashirin bai taɓa ce wa Mijinyawa "kai" ba. In aka gyara masa sai ya langaɓar da kai ya ce, "Hausa wuya gare ta, yarinya."

Bayan aure Mijinyawa ya koma Banifandu, inda dangin Ramatu ke da fili. Idrisa kuma ya tsufa, gwiwa ta hana shi ban-ruwa, ya bar wa ƴaƴansa lambu, ya kafa tabarma a gindin wani gawo a bakin hanya, daidai tsakiyar gangaren da ke shiga Gudel. Nan Mijinyawa ke sauka kowace safiya, ya jingine tsohon baƙin kekensa, ya durƙusa kamar mutumin kirki, sannan a buɗe kasuwa.

"Tsoho, an kwana? Yau ma kun bar ma awaki ɗan zogale, ko kun cinye?"

"Ke dai ki rufe baki, kada tsagar ta ƙara yagewa har ƙeya."

Sai tsofaffin da ke zama tare da shi su bushe da dariya, a miƙa wa Mijinyawa ƙaramin kofin shayi, ya kurɓe a tsaye ya wuce. Bai taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba. In ka tambaye shi ma cewa zai yi ɓata lokaci ne.

Baƙin keken nan ya sha walda har ya zama waldar ta fi ƙarfen yawa. Ranar da ya rabu gida biyu a ƙarƙashinsa, Mijinyawa ya kwashi gawar ya kai wa Yusuf mai gyaran kekuna, a wajajen kasuwar Katako. Yusuf ya duba, ya yi masa ta'aziyya. Mijinyawa na cikin jimami ya ɗaga ido, sai ya hango wani abu rataye a rufin rumfar. Gangar jikin keke ce, wadda su Yusuf ke kira kadar, baƙa wuluk, ba taya, ba sarƙa, ga wasu ƙahoni biyu sun miƙe gaba. Ta zo ne cikin kwantenar tsofaffin kayan Turai, tsakanin firij da katifu, kuma ta daɗe a rataye don duk wanda ya gan ta sai ya tambaya ina ake ɗaure buhu. Mijinyawa ya sa yatsa ɗaya ya ɗaga ta. Kekensa na ɗinki ma murfinsa ya fi ta nauyi.

"Wanga mi ne ne?"

Yusuf ya yi ɗan lakwal, wato makarantar boko, kafin ya gudu, kuma yana son a san haka. Ya gyara tsayuwa ya ce, "Nasara na ce mishi kontar-la-montar."

"Kwantar da mutum?"

"A'a, Tela. Tsere da agogo ke nan. Kowa shi kaɗai yake tashi, ba kowa gabanka, ba kowa bayanka. Kai da agogo kawai."

"To in ka ci agogon, mi zai ba ka?"

Yusuf ya ce shi dai wannan ba keken zuwa aiki ba ne, keken mahaukata ne, kuma shi ba ruwansa. Wannan gargaɗin ne ya gama da Mijinyawa. Aka shirya zai ɗinka wa iyalin Yusuf kayan salla, Yusuf kuma ya tono tayoyi sirara kamar karan dawa, da sarƙa, da feda, ya haɗa. Ya kuma zaro wata hular kwano mai dogon wutsiya da ta zo tare da kadar ɗin, ya ba shi gyara.

Da ya hau ne ya gane kunnensa bai yi kuskure ba. Sirdin na can sama, kan keken na can ƙasa. Sai ka dafa gwiwar hannu a kan wasu ƴan faifai biyu, ka kama ƙahonin, ka kwanta rub da ciki, hancinka a kan taya, bayanka kuma yana duban Ubangiji. Sunan ya bi keken tun daga Katako, kafin mako ya zagayo duk Banifandu ta san Kwantar-da-Mutum.

Ramatu ta fito ƙofar gida da ludayi a hannu ta ga mijinta yana gwaji.

"Baban Nafisa, wanga tuƙi ne ko salla? Tun daga nan za ka yi ruku'u har Gudel?"

Mutanen unguwa kuwa suka rabu biyu, gwargwadon inda kowa ya tsaya. Waɗanda yake tunkara suka ga dattijo mai furfura ya rusuna musu tun daga nesa, tsofaffin mata har suna sa masa albarka, suna cewa ladabi bai ƙare a duniya ba. Waɗanda ya wuce kuma abin da suka gani daban ne, wani liman ma ya aiko a tambaye shi ko da wata magana ce a tsakaninsu.

Maganar gaskiya, keken ba abin da ya dace da shi a rayuwar Mijinyawa. Lungunan Banifandu yashi ne, tayoyin na nutsewa, don haka kowace safiya shi ke ɗaukar keken a kafaɗa har bakin gudron, wato kwalta, da yamma ya sake ɗauko shi. Babu wurin ɗaure kaya, sai ya goya ɗinkin mutane a baya kamar mai jego. Babbar riga in ta sha iska sai ta kumbura ta nemi tashi da shi, don haka ya zauna ya ɗinka wa kansa wani matsattsen wando da ragowar yadin roba na ƴan mata, wandon da Ramatu ta rantse ba za ta shanya a igiyar tsakar gida ba sai dai a bayan ɗaki. Kowane rami a hanya sai ya ji shi har cikin haƙora. Wuyansa ya ƙage saboda leƙen gaba, kullum da yamma sai an murza masa man kaɗe, ana murzawa ana yi masa faɗa.

Amma fa a kan gudron wani abu ne daban. Taki biyu, uku, sai keken ya ɗauke shi, ba ƙara, ba kuka, sai iska a kunne. Mutumin da duk rayuwarsa wuce shi ake yi, mota ta wuce shi, babur ya wuce shi, wani lokaci har amalanken jaki, yau ga shi ya wuce ɗan kabu-kabu a kan babur, ya wuce taksi cike da mata, direban na leƙowa baki buɗe. Ranar farko da hakan ta faru sai da ya yi hawaye, ya ce iska ce. Ya nemo agogo ya ɗaura, shi da a da kiran salla ne agogonsa. Kowace safiya yana so ya riga jiya isa shago, ko da yake ba mai jiransa a shagon sai tsumma da ƙadangare.

Inda matsalar take, birkin keken ba a kan ƙahonin yake ba. Yana can gefe, sai ka tashi daga kwanciyar, ka saki ƙaho, ka lalubo shi. Kuma duk hanyar ba inda ya kai gangaren Gudel daɗi, gawon Idrisa kuwa na tsakiyarsa.

Safiyar farko ya zarce, sai can ƙasa ya samu ya tsaya, ya turo keken ya dawo. Idrisa ya ji daɗin ranar nan ƙwarai. Ya zagaya keken da sandarsa, ya duba wandon, ya duba hular mai wutsiya, ya tambayi abokansa wa ya soke kaza a tsinke ya manta bai gasa ta ba. Ya yi ta yi har shayi ya huce. Washegari Mijinyawa ya ga tsayawar za ta ɓata masa lissafi da agogo, sai ya ɗaga hannu kawai, keken ya yi wata girgiza da ta sa ya mayar da hannun da sauri. Daga nan ya koma jefa zagi yana wucewa, iska ta kwashe rabi. Daga nan ya ce zai riƙa dawowa da rana. Ya dawo sau ɗaya ko biyu, sai ɗinkin salla ya taso. A ƙarshe ya zama yana gangarowa kai a ƙasa, ba ya ganin komai sai taya da kwalta, yana gaya wa kansa ai taubashi ba ya fushi.

Haka aka ɗauki watanni. Ƙaya ce ta tsayar da shi, ta huda tayar gaba dab da gawon. Ya sauko yana murmushi, ya riga ya shirya wata magana a kan Zabarmawa da ganye. Idrisa na ganinsa ya dafa sanda ya miƙe tsaye. Mijinyawa bai taɓa ganin ya miƙe wa wani ba sai limami. Tsohon ya kakkaɓe gefen tabarma, ya miƙo hannu biyu, ya ce:

"Malam Mijinyawa, barka da asuba. Ka kwana lafiya? Yaya iyalinka? Yaya aiki? Bisimilla, zauna."

Hausa tsaf, ko a rediyo sai haka. Kowane "ka" a mazauninsa.

Mijinyawa ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Tsoho, yau kuma wane ganye aka ci da ya gyara ma harshe?"

"Gaskiyarka ne, Malam. Mu dai ganye muka sani. Allah ya ba ka haƙuri da mu."

Sauran tsofaffin suka sunkuyar da kai, kowa ya shiga jan carbi. Aka zuba masa shayi a kofin baƙi, a kan faranti. Ya sha, bai ji ɗanɗanon komai ba. Yana tura keken zuwa shago abu biyu suka zo masa tare. Na farko, ashe duk shekarun nan tsohon nan ya san "ka" ya san "ki", da gangan yake yi, kuma shi kaɗai yake yi wa. Na biyu, an daina. A garin nan kaf mutum ɗaya ne ya san shi tun ba shi da ko tabarmar kwana, kuma yau mutumin ya karɓe shi kamar mai karɓar haraji. Abin ya yi masa ciwon da ya fi na wuya, ya zauna a gaban keken ɗinki har azahar bai ɗinka ko aljihu ba.

Ya shiga neman gyara. Kowace safiya ya fara lalubar birki tun daga saman gangare, ya sauka, ya durƙusa, ya kawo zagi mai kyau wanda ya kwana yana saƙawa. Idrisa ya saurara da natsuwa, ya ce Allah ya ƙara basira. Ya kawo goro, aka yi godiya. Ya ware kwanaki ya ɗinka masa riga ta shadda, da aiki a wuya irin wanda ba ya yi wa kowa sai alhazai. Tsohon ya karɓa da hannu biyu, ya yi addu'a doguwa, har da iyayen Mijinyawa da kakanninsa Gobirawa, waɗanda a da yake cewa ɓarayin awaki ne. Da yamma aka aiko da kwandon salati shago a matsayin tukuici.

Mijinyawa ya kai salatin gida ya ajiye, ya zauna ya tasa shi gaba. Ramatu ta zuba tuwo, ya ce ba ya ci. Ta dube shi, ta dubi kwandon.

"Baban Nafisa, in faɗa ma gaskiya?"

"In na ce a'a za ki bari?"

"Kai ka mai da kanka baƙo. Ka wuce shi wata da watanni kamar ba ka san shi ba, yanzu kuma ka zo da goro da riga kamar mai neman aure. Yaushe ka taɓa ganin taubashi ya kawo kyauta? Taubashi ƙwacewa yake. Da, in ka je, ba kai ke kwashe mishi tumatir ba ka ce zakka ce? Ka tahi ka ɗauke mishi wani abu, ka ga ko zai iya yin shiru."

Ramatu butar shayi take nufi, ko takalmi, abin da mutum zai sunkuya ya ɗauka da ƙafafunsa biyu a ƙasa. Amma ta yi shekaru da mutumin nan, ya kamata ta san ba a ba shi shawara a bar masa sauran. Mijinyawa ya kwana yana tunani, ya tashi da dabara. Idrisa na da wata jar dara da ba wanda ya taɓa ganin kansa ba ita, har ana cewa da ita aka haife shi. Ita zai cire. Kuma tunda keken ne ya ɓata, keken ne zai gyara, a guje zai fizge ta.

Ya zaɓi safiyar da ba ta dace ba. Lokacin kabeji ne, matan kasuwanni sun cika bakin hanya suna ciniki da masu lambu, ƴan kabu-kabun da suka kawo su daga wasu unguwanni suna zaune a kan baburansu suna jira. Ba wanda ya san Mijinyawa a cikinsu. Abin da suka sani shi ne a ƴan kwanakin nan masu fizgen waya sun addabi gari, kuma kowa na da haushin da yake ajiye da shi. Idrisa na zaune a kan kujera dab da kwalta, ya juya baya, yana sa baki a cinikin da ba nasa ba.

Mijinyawa ya gangaro kwance a kan ƙahoni, da hular wutsiya da baƙin tabarau. Ya matso gefe, ya saki hannun dama, ya miƙa. Abin mamaki, ya samu. Darar ta zo hannunsa kamar tana jiransa, ya ɗaga ta sama, ya buɗe baki zai yi kirari.

A nan keken ya tuna masa cewa ba a yi shi don mai hannu ɗaya ba. Kan ya karkata hagu, ya dawo dama. Hannu ɗaya na riƙe da dara, ɗayan na kan ƙahon da ba birki. Ya sauka daga kwalta, ya ratsa tsakanin buhunan kabeji biyu, ya bi ta kan shingen kara, tayar gaba ta faɗa ramin ban-ruwa ta tsaya cak. Keken ya tsaya, Mijinyawa bai tsaya ba. Ya tashi sama, ya sauka da kafaɗa a kan tarin takin da aka jiƙa jiya, ya ji wani abu ya ce ƙas a kusa da wuyansa.

"Zay! Zay!" wata mata ta kurma ihu da Zabarmanci, wasu suka amsa da Hausa, "Ɓarawo!"

Ƴan kabu-kabu suka diro daga babura. Wani ya zare bel, wani ya tsinke kara daga shinge, wata mai jiki ta taho da kan kabeji a hannu. Tsofaffin gindin gawo, su da suka san ko wane ne, suna ta fama da gwiwoyinsu suna kiran a tsaya, ba mai jin su. Mijinyawa na kwance, numfashi ya ɗauke, hular kwano ta rufe masa rabin fuska, ga jar dara a hannunsa ya ƙi saki, shaida ƙarara. Ya so ya ce wasa ne, ya so ya ce taubashi ne, ba abin da ya fito. Bel ya sauka a cinyarsa, kara ya sauka a haƙarƙari. Ya ga wani saurayi ya sunkuya yana ɗaga bulo da hannu biyu, sai tsoro na gaske ya kama shi, ya fara salati a zuci.

Ta tsakanin ƙafafun mutane ya hango wani abu da Gudel ba ta taɓa gani ba. Idrisa ne ke gudu. Ba sanda, ba hula, takalmi ɗaya, sanƙonsa na walƙiya a rana, mutumin da sai ya dafa sanda yake tashi daga tabarma. Ya ture mai bel, ya bangaje mai bulo, ya zube a kan Mijinyawa cikin takin ya rufe shi da jikinsa, ya ɗaga hannu ɗaya sama yana ihu da muryar da ta tsage:

"Ay izo no! Ay izo no!"

Aka tsaya. Mai bulo ya dubi bulon kamar bai san yadda aka yi ya zo hannunsa ba, ya ajiye. Matar nan ta mayar da kabejinta cikin zane. Wani ya ce to ai sai a faɗa tun da wuri, mutane suka fara ja da baya suna ba da haƙuri.

Mijinyawa ya yi shekarun da zai ji Zabarmanci ko yana barci. Ɗana ne, abin da tsohon ya ce ke nan. Ɗana ne. Bai taɓa jin kalmar daga bakinsa ba, ko ranar aure, ko ranar sunan Nafisa.

Idrisa ya cire masa hular kwanon, ya shafa fuskarsa, ya duba idanunsa ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar da rai a ciki. Yana haki kamar zai shiɗe. Sai da numfashinsa ya ɗan dawo sannan ya fizge darar, ya duba takin da ya ɓata ta, ya fara. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin ɓarauniyar da ta yi sata ta kai kanta juji da kanta ba. Ya ce dama ya gaya wa dangin matarta ba ta da hankali, ba su ji ba. Ya zagi wandon, ya zagi wanda ya ɗinka shi, ya zagi Madawa da hanyar da ke zuwa Madawa. Tsofaffin gawo suka iso a ƙarshe, suna haki suna dariya. Mijinyawa na kwance cikin taki da karyayyen ƙashin kafaɗa, hawaye na bin tsagarsa har kunne, kuma rabonsa da jin daɗi irin wannan tun ranar da ya wuce taksi.

Da aka tafi neman motar da za ta kai shi wurin likita, mutane suka ragu, ya yi ƙasa da murya.

"Baba, mi ka ce musu ɗazu?"

"Yaushe?"

"Da ka zo da gudu. Da Zabarmanci."

Idrisa ya kau da kai ya dubi gulbi. Ya kifa darar a kansa, da takin da komai.

"Ce musu na yi jakata ce ta tsinke igiya daga turke. Ke ba ki jin Zabarmanci, ki daina sa baki."

Mijinyawa ya ce to. Hannun tsohon na nan dafe a ƙirjinsa, kuma har motar ta zo bai ɗauke shi ba.